A rika shuka a saman gine-ginen Legas

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a? Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya a nan Ikko.

Duk mazaunin garin nan ya san wahalarmu biyu ce, zafin Fabrairu da Maris, sai ambaliya in Yuni da Yuli suka kama. Kuma tushensu ɗaya ne. An shafe ko'ina da siminti da kwalta da kwano, rana ta buga su sha zafi su yi ta amayar da shi har tsakar dare, ruwan sama kuma in ya sauko babu ƙasar da za ta shanye shi sai ya ruga gota gaba ɗaya, gotar kuwa dama ledar fiya wata ta toshe ta.

Wasu garuruwan tuni suka koma shuka a saman rufi. Basel ta ƙasar Siwizalan tun 2002 ta wajabta shi a kan sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi, Toronto ta Kanada ta yi tata dokar a 2009, Singafo kuwa gwamnati ce ke biyan har rabin kuɗin aikin. Ba wani siddabaru ba ne, a shimfiɗa roba mai hana yoyo, a sa abin da zai tace ruwa ya ba shi hanya, sannan ƙasa marar nauyi da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sai a shuka. Ƙasar ta riƙe wani kaso na ruwan, sauran ya sauka a hankali, gota ta samu sa'ida. Ganyen kuma ya tare rana, ɗakin da ke ƙasa ya yi sanyi, a rage kunna janareta a wannan tsadar fetur.

Ka hau bene a Agege ko Idi-Araba ka duba mana, dakin, wato rufin kankare, ne birjik a bushe, rodi a tsaye ana jiran kuɗin ƙara hawa, daga tankin ruwa sai igiyar shanya. Alhali mutanenmu 'yan lambu ne, su ke noman alayyafo da latas a bakin titi a garin nan.

Amma fa kar wani ya ji wannan ya kira tifa ta juye masa ƙasa a kan dakin. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, kuma ba mu manta da benen da ya rufta a Ikoyi a 2021 ba, sai injiniya ya duba ya ce ginin zai ɗauka. Ruwa ma kar a bari ya kwanta, sauro muke kiwo. Mai rufin kwano shi ya koma bango, ya ɗaura waya ta ɓangaren yamma nesa kaɗan da bulo don kar danshi ya kama, ya sa soso ko kabewa su hau.

Roƙona ga gwamnatin jiha, tunda akwai LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, kuma duk 14 ga Yuli ana bikin dashen itace, a haɗa da rufi, manyan gine-ginen da ake ta ɗagawa a Lekki da Ikeja a sa musu sharaɗin shuka kafin a ba su izinin gini, aikin kula da shukar kuma a tuna da 'yan lambu.

Na gode.
Wani mai karatunku daga Agege, Legas