Babur ɗin Kawu ya tashi

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina gajiya, ya iyali? Wata huɗu ban ce maka uffan ba, kai ma kuma shiru, to a yafi juna. Da ma akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wanda ke cina: babur ɗin Kawu ya tashi! Jiya da yamma, da kunnena na ji kukansa.

E, shi dai, Honda CB350 ɗin nan na 1972 da ka taɓa ƙona ƙwauri a salansarsa, ka koma gida ka ce wai faɗuwa ka yi. Har yau tabon na nan ko? Shekara 19 yana jingine a ƙarƙashin tamfol. Da na jawo shi waje, tayoyi sun tsattsage, tanki na warin tsohon fenti, na taka kik ya ƙi ko motsi. Ban matsa masa ba. Na kwance fulogi biyun, na ɗura man da ke ratsa tsatsa a kowace silinda, na ƙyale shi. Kullum da safe sai in sa shi a giya ta 5, in ɗan tura gaba in ja baya a hankali. Rana ta takwas na ji wani ɗan "ƙas", tayar baya ta juya. Ringin fistin ne suka manne, kuma suka saki lafiya.

Amma wanda ya hana ni barci noti ɗaya ne tak, cikin waɗanda ke riƙe bakin salansa a jikin kan inji. Ina sa sifana, ina ɗan ja, sai ya gutsure, ya bar guntun da bai kai tsawon farce ba. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ka san ƙarfe ne a cikin alminiyom. Da zarar danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyom ɗin ke cinyewa, ya zama wani farin gari da ke cike ramin ya damƙe notin gam, ga kuma zafin salansa da ya yi shekaru yana gasa su tare.

Mutumin nan mai dogon gemu ya zo, ya ce in huda tsakiyarsa in sa abin zaro noti mai haƙoran hagu. Na ce a'a. Ƙarfen abin nan tauri gare shi amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake, in kuwa ya karye a ciki babu bakin injin huda na yau da kullum da zai ci shi. Sai na bi ta wuta. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka gefen ramin nake gasawa, ba notin ba. Sai dai da taka-tsantsan, domin shi ba ya ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka; yana kaiwa digiri 660 sai ka ga ya zube kawai. Ina gasawa har in ɗiga ruwa ya yi tsalle, in bari ya huce, in zuba mai, in ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Kwana uku ina wannan.

Af, ƙaninka ya leƙo ana cikin haka. Ya yi ƙiba har ban gane shi ba da farko. Ya ce ya bar aikin nan ya koma karatu, kuma na ga da gaske yake. Ka kira shi mana, yana jin nauyinka ne shi ya sa bai fara ba.

To, rana ta huɗu na cire batir, na kira mai walda. Muka ɗora washa, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya, a kan guntun, muka ɗora sabon noti mai rami a kai, ya cika cikinsa da walda. Daɗin abin, waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, zafinta kuma yana ratsa guntun har ƙasa. Na farko ya ɓalle. Na biyu ma haka. A na uku na ji ya yi wata 'yar ƙara siririya. Ban yi gaggawa ba: in juya kaɗan, in mayar, in zuba mai, in sake. Da ya fito, fari fat da garin nan, haƙoran ramin kuma ko ɗaya bai lalace ba. Yana cikin aljihuna yanzu haka.

Sauran aikin bai kai wannan wuya ba. Kafireto biyun, ƙirar kamfanin Keihin, fetur ya daskare a cikinsu kamar ƙaro. Na jiƙa, na bi ƙananan ramukan da silin wayar tagulla. Na kuma gano dalilin da kake cinye kan kowane sukuru da ka taɓa: na baburan Japan yankansu daban ne da na sukurun nan mai kan gicciye da ake kira Phillips, sukundirebarsu daban. Shekara nawa kana ɗora wa hannunka laifi! Matatar baƙin mansa ba ta takarda ba ce, wani ɗan kofi ne da ke juyawa yana tara datti a bangonsa. Abin da na kankaro daga ciki kamar laka. Na zuba sabon mai, na yi ta taka kik babu fulogi har sai da na ga mai ya hau sama, don in kan injin ya juya a bushe, an gama.

A taku na tara silindar hagu ta kama, ta dama ta biyo, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Ina ɗago kai sai ga Inna a bakin ƙofa, ta riƙe gefen mayafinta, ba ta ce komai ba. Ta daɗe a tsaye. Da na kashe, ta ce, "Haka yake yi in ya dawo."

Abin da ke damuna yanzu wata 'yar ƙara ce daga sama, cak-cak-cak. Ina zargin robar da ke ɗaure sarƙar cikin inji ce ta ruɓe, ga tayoyi da burki ban taɓa ba tukuna, don haka ba zan hau titi ba sai na buɗe na gani. Ina so ranar hawan farko kana nan. Ka faɗa mini watan da za ka samu hutu, kuma ka zo da dogon wando.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka har kullum.