Murar da ta kwantar da Inna ba "mura kawai" ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Tawa nake rubuto maka. A hunturun da ya wuce tsohuwata ta kwanta. Da hantsi tana tankaɗen gero lafiya lau, kafin la'asar jiki ya yi zafi rau, ga kyarma, ga busasshen tari, gaɓoɓi kamar an lakaɗa mata duka. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, abin da muke cewa kullum. Ƙanena ya sayo amoksisilin na jika guda wurin mai tebur. Kwana uku ba sauƙi. Da muka kai ta likita aka soki yatsa, gwaji bai nuna komai ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjinta ya ce girip ce, wato mura mai tsanani, kuma ta fara sauka huhu.

Shi ya zaunar da ni. Ashe ƙwayar bairus ce, amoksisilin ba ya taɓa ta, kuɗinmu dai mai tebur ya ci. Iri biyu ne ke zagaya mutane kowace shekara, A da B. H1N1 da H3N2 'ya'yan A ne, haruffan H da N kuma sunan wasu ƙayoyi biyu ne a jikin ƙwayar: ɗaya na manna ta a hanyar numfashi, ɗaya na kwance ta ta bazu. Ƙayoyin suna sauya kama sannu a hankali, shi ya sa wanda ta kama bara, bana ma ba ta san shi ba. Murar tsuntsaye H5N1 da ta ɓulla Magariya a 2006 ma danginsu ɗaya.

Saurayi kan tashi cikin mako guda. Amma tsoho, mai juna biyu, yaron da bai kai shekara 5 ba, mai asma ko ciwon suga, kada a zauna da su gida ana jiran gobe, balle in numfashi ya fara sama-sama. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum 290,000 zuwa 650,000 ke rasuwa ta dalilinta duk shekara.

Cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai tana gwada samfura don sanin irin da ke yawo. Roƙona ga gidajen rediyonmu, da sanyi ya shigo su riƙa faɗin wannan da Hausa, kamar yadda ake shelar gidan sauro da damina.

Inna ta warware bayan mako biyu, alhamdu lillahi. Daga baya muka tuna autana ne ya fara dawowa daga lakwal da tarin, kuma a ɗakinta ya kwana uku tana shafa masa man zafi.

Naka,
Wani malamin makaranta, Tawa