Zuwa ga aminina a Hamburg, kan maganar beherrschen

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyi, ya iyali? Wata huɗu ba ko sallama, sai da jarrabawar Jamusanci ta matakin B2 ta matso ka tuna da mu! To, ba komai.

Jimlar da ka turo, "Ich habe Deutsch gebeherrscht", malamarku ta yi daidai da ta soke ta. Ɗafa-goshin be- manne yake da aikatau, ba ya rabuwa, kuma ba ya barin ge- na shuɗaɗɗen lokaci ya shiga gabansa. Sai dai ka ce "Ich habe Deutsch beherrscht". Haka dominieren, wato mamayewa: yawancin aikatau masu ƙarewa da -ieren ba sa ɗaukar ge-, "hat dominiert" ne. Amma herrschen tsuransa, wato yin mulki, yana ɗauka, "hat geherrscht". Kuma ko ka gyara, jimlar taka tana nufin a da ka iya Jamusanci. In yanzu kake nufi, "Ich beherrsche Deutsch" za ka ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kake cakuɗa herrschen da beherrschen. Duk suna da alaƙa da Herr, wato ubangida, amma herrschen ƙi-karɓau ne, sai da über: "Der König herrscht über das Land", sarki yana mulkin ƙasa. Shi ne kuma a "Es herrscht Ruhe", wuri ya yi tsit. Beherrschen kuwa so-karɓau ne, yana kama karɓansa kai tsaye a Akkusativ, sigar karɓau a Jamusanci: "Er beherrscht den Markt", ya mamaye kasuwa. Den, don Allah, kada ka sa dem.

Af, ƙanenka ya buɗe shagon nan a ƙarshe, kuma Gwaggo kullum sai ta tambayi maganin gwiwarta. Ka kira ta ranar Juma'a.

Ma'anar da za ka fi gamuwa da ita ma ba ta mulki ba ce, ta naƙaltar abu ce har ya zauna maka a hannu: "Sie beherrscht drei Sprachen", ta naƙalci harsuna uku. Kalma ce mai nauyi, kada ka yi saurin faɗinta wurin neman aiki, "Ich spreche gut Deutsch" ya wadatar. Akwai kuma sich beherrschen, danne zuciya. In aka ce maka "Beherrsch dich!", ana nufin ka kama kanka. Na san halinka in ana kallon ƙwallo, za ka ji ta. Can ne ma dominieren ya fi yawa, da labaran siyasa.

Wajen furuci ka danna herr, ka sassauta be. "Du beherrschst" kuwa sai ka maimaita sau goma kullum, sch da st a jere ba wasali.

Yaushe za ku shigo? Da babbar sallah?

Naka har kullum.