Roƙon Tallafi: Makarantar Inna Ta Rasa Rufi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyaye, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai, kwamitin Islamiyyar unguwarmu ne ke miƙo muku ƙoƙon bara.

Iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa biyu. Kwanon da ya rage yoyo yake kamar rariya, katangar gabas kuma, wadda ta ƙasa ce, ta fara zaizayewa daga tushe. Da hadari ya haɗu sai malamai su kwashe alluna da Alƙur'anai, a sallami yara. Ga marka tafe a watan Agusta.

Kowa ya san makarantar nan ta Inna ce, Allah Ya jiƙanta. Ta haura shekara 90 kafin ta amsa kira. Ta ga dalar gyaɗa a Kano da idonta, ta yi cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun ana kashe sule da sisi, kafin zuwan naira a 1973. A farin da aka yi a waɗancan shekarun, almajiri bai taɓa barin ƙofarta da kwano wayam ba. Da ribar sana'arta da kuɗin adashi ta sayi filin nan, bayan karatun ya yi wa zaurenta yawa. Ita kanta sai da ta yi jikoki ta sauke Alƙur'ani, tabarma ɗaya da sa'annin 'ya'yanta. Da yawa daga cikinmu ita ta yanke mana cibi.

Ranar sadakar uku layin nan bai ɗauki jama'a ba, aka yi ta alkawura. Wasu sun cika, ba za mu manta ba: wata bazawara ta kawo kwasar adashinta gaba ɗaya, samari masu keke napep suka haɗa siminti. Sauran alkawuran suna nan a takarda. Jikokin Inna na Abuja da Legas, shin sai katanga ta faɗa wa yaro za a tuna da mu? Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa sadaka mai gudana tana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Tata ce wannan, kuma a hannunmu take rushewa.

Muna neman kwano, katako, ƙusa, siminti da kuɗin kafinta. Mai sana'ar gini ya kawo ƙarfinsa. Ma'aji yana makaranta kullum bayan La'asar.

Allah Ya ba da ikon taimakawa, Ya saka da alheri.

Kwamitin Makaranta