An cire idon amma ciwon bai tafi ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka dan bani fili in yi magana kan abinda ya dade yana ci mana tuwo a kwarya. Babanmu hawan jinin ido ne ya cinye masa idon hagu, ba ya gani da shi sam ga azabar ciwo dare da rana, likita yace tunda ba amfanin da yake masa gara a cire ya huta. Aka yi aiki lafiya, aka sa masa idon roba, muka ce alhamdulillahi, ashe ba a rabu da Bukar ba.

Shekara 2 kenan ramin idon na masa zugi, wani lokaci yace kamar ana tsira masa allura, in hunturu ya shigo da kurar nan tamu ta Gombe kuwa wallahi ko barci ba ya yi, sai dai ka ganshi zaune dafe da fuska har asuba. Abinda ya fi bata min rai shine masu cewa wai idon da babu shi ta ina zai yi ciwo, wasu suce iska ce, wasu suce sammu. Har tiramol wani mai kemis ya so dora shi a kai, Allah ya sa muka ki.

Sai da muka kai shi cibiyar ido ta kasa da ke Kaduna aka mana bayani. Jijiyoyin da aka yanke suna iya ci gaba da kai sakon ciwo kwakwalwa ko da idon ba ya nan, sannan ramin na bushewa, idon robar ma in ya karce ko bai zauna daidai ba gogar naman yake yi. Ashe ana so a rinka kai idon robar ana goge shi duk shekara, bayan kamar shekara 5 a sake wani. Ba wanda ya taba fada mana haka, aka sallame mu kawai. Da aka gyara masa robar aka bashi maganin digawa ya samu sauki sosai, ba wai ya warke ba.

Rokona ga likitocinmu su rinka fadawa mutum wannan tun kafin a shiga tiyata, hukumomin lafiya kuma su samar mana da masu gyaran idon roba a nan kusa, don tsoho ba zai juri zaryar Kaduna ba, ga kudin mota yadda ya koma.

Naku,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe