Bashir, ga labarin Roubaix da na yi maka alkawari

Assalamu alaikum Bashir, mutumina ya kake, ya Mama da jiki, ya amarya da yara, ya zafin Kano kuma, dan nasan yanzu Afrilun nan ba sauƙi. Barka da sallah duk da ta wuce da sati biyu, kayi haƙuri wallahi aiki ne ya sha kaina, nan Kortrijk a Beljiyam ranar sallah ma daga masallaci wurin aiki na wuce. Naga saƙonka da kake tambaya wai wane irin abu ne ya shiga kaina nake ta ɗora hoton masu keke a Facebook, nace bari in zauna in rubuta maka da tsawo dan maganar tafi ƙarfin saƙon murya, kuma akwai abin da ke cina a rai tun ranar Lahadi da nake so in faɗa wa wani nawa.

Kasan tseren keken da mutanenmu suka fi ji shi ne Tour de France, wanda ake sati uku ana yi, in ka faɗi yau gobe ka rama. To akwai wani iri daban da ake yi a yini ɗaya tak, a tashi da hantsi a gama da la'asar, kilomita 250 ko fiye, wanda ya fara tsallake layi shi ne ya ci shi kenan, in tayarka ta yi faci a mugun wuri sai dai ka jira baɗi. Manyan cikinsu guda biyar ne, Milan-San Remo da Lombardia a Italiya, zagayen Flanders da Liège-Bastogne-Liège a nan Beljiyam, sai Paris-Roubaix a arewacin Faransa. Mutanen yankin nan da nake zaune yadda suka ɗauki abin nan ko yadda muke ɗaukar hawan sallah albarka, tsohuwa mai shekara tamanin zata lissafo maka waɗanda suka ci Flanders tun tana budurwa.

Ranar Lahadi 13 ga Afrilun 2025 wani dattijo da muke aiki tare ya ɗauke ni a motarsa muka tsallaka Faransa kallon Paris-Roubaix, ba nisa daga nan. Tseren nan tun 1896 ake yinsa, kuma duk da sunan Paris ɗin daga wani gari Compiègne suke tashi, bana kilomita 259 ne, a ciki kusan 55 duk kan tsofaffin hanyoyin gona ne da aka daɓe da duwatsu. Bashir kar ka ɗauka irin daɓen nan ne mai kyau na gidan masu kuɗi. Mun tsaya a wani wuri da ake kira Carrefour de l'Arbre, saura kamar kilomita 17 a gama, na tsuguna na taɓa duwatsun da hannuna, kowanne ya kai girman burodin ɗari biyar, wani ya taso wani ya nutse, tsakaninsu rami har yatsuna huɗu suna shiga, ni da nake tafiya a ƙafa ma sai da na kusa gurɗewa. A kan wannan ne mutum zai bi da siririyar taya da gudun da ɗan acaɓa ke yi a titi. Hanyar kuma ƙunci gareta, mota ɗaya ce ke wucewa, mutane dama da hagu sun cika maƙil da tutoci da giya a hannu, wasu tun kwana biyu suke kwana a motocinsu a bakin gona.

Mun fi awa huɗu muna jira, kowa idonsa a waya. Sai muka ji jirgi mai saukar ungulu ya iso kanmu, sai babura, sai ƙura, sai ga Mathieu van der Poel, ɗan tseren Holan, shi kaɗai. Wallahi da na miƙa hannu da na taɓa shi. Abin da ba zan manta ba ƙarar keken ne, kaca tana dukan ƙarfe kaf kaf kaf, naman hannunsa yana rawa kamar ba a jikinsa yake ba, fuska duk ƙura, bakinsa a buɗe, ko daƙiƙa uku bai yi a gabana ba ya wuce. Bayan minti ɗaya da wani abu sai ga Tadej Pogacar. Awa huɗu saboda daƙiƙa uku, kuma ko gobe aka ce in koma zan koma.

Van der Poel ɗin ne ya ci, karo na uku kenan a jere, 2023 da 2024 da bana, kafin shi mutum biyu ne kawai suka taɓa jera uku, Octave Lapize tun kafin yaƙin duniya na farko da Francesco Moser daga 1978 zuwa 1980. Pogacar ya zo na biyu, Mads Pedersen ɗan Denmak na uku. Kyautar da ake ba wanda ya ci dutse ne, irin na hanyar, a miƙa maka a filin keke na Roubaix.

Pogacar fa wannan ne zuwansa na farko, kuma shi ɗan hawan tsauni ne mara nauyi wanda a lokacin ya ci Tour sau uku, mutane da yawa cewa suka yi kar ya zo zai karye a banza ya ɓata shekararsa. Ya zo, kuma saura kilomita kusan 38 su biyu ne kawai a gaba, sai ya shiga wata kwana da gudun da ya wuce kima ya kasa karyawa ya faɗi a gefen hanya, kafin ya tashi ya gyara Van der Poel ya tafi. Nan gardama ta kaure, har a wurin aiki ran Litinin. Wasu suna cewa ai da mutunci sai ya jira shi, nasara ce ta sa'a. Ni ban yarda ba ko kaɗan, ba wanda ya ture shi, iya shan kwana a kan duwatsun nan yana cikin abin da ake gwadawa, kuma shi ma Van der Poel ɗin tayarsa ta yi faci daga baya ya canza keke ba wanda ya jira shi. Pedersen ma facin ne ya raba shi da su tun da farko. Irin wannan gardamar ina sonta, irin tamu ce ta gidan kallon ƙwallo, a yi ihu a rabu ana dariya.

Abin da ya ɓata min rai daban ne. Jim kaɗan bayan faɗuwar Pogacar, Van der Poel yana gudu shi kaɗai a kan duwatsu, wani ɗan kallo ya jefe shi da gorar ruwa cike a fuska. Ni ban gani da ido ba dan can gaba muke, a wayar dattijon nan na gani, kuma naga yadda hannunsa ya hau rawa ya yi shiru, mutumin da tun safe bai rufe baki ba. Ka yi tunani, mutum yana gudu haka hannu biyu a kan keke ba halin karewa, da ta same shi a ido ko ta sa ya saki hannu ai sai dai wani labarin. Shi da kansa bayan an gama yace kamar dutse aka jefe shi da shi kuma yana so a kai maganar gaban shari'a. Wanda ya yi jifan daga baya ya kai kansa wurin 'yan sanda a nan Beljiyam.

Kuma ba yau aka fara ba. A watan jiya a tseren E3 wani ya tofa masa yawu, bara a Flanders an watsa masa giya, a Roubaix ɗin bara wata mata ta wurga hula wajen tayarsa. Shi ma ba waliyyi ba ne, a ƙarshen 2023 a wani tsere a Hulst da aka dame shi da eho ya tofa wa 'yan kallo yawu aka ci shi tara, ban goyi bayan wannan ba. Amma in ka bi asalin abin laifinsa ɗaya ne, yana cin tsere kuma tutar Holan yake ɗauka. Alhali a nan Beljiyam aka haife shi, nan yake zaune, ƙungiyarsa, Alpecin-Deceuninck a 2025, ta nan ce, kakansa na wajen uwa kuma Raymond Poulidor ne, tsohon ɗan tseren keken Faransa, wanda Faransawa suka so kamar me. Mutanen nan ɗansu Wout van Aert suke so ya ci, su biyun tun suna yara suke karawa, kuma har zuwa Afrilun 2025 a manyan nan biyar San Remo ta 2020 kawai Van Aert ya ci, Flanders da Roubaix da ake ta jira sun ƙi zuwa. Ran Lahadi ma na huɗu ya zo.

Shi kansa Van Aert ɗin bai tsira daga bakin nasa ba, wannan ne ke ban mamaki. A 2023 ya bar wa abokin ƙungiyarsa Christophe Laporte nasarar tseren Gent-Wevelgem bayan sun iso layi su biyu, aka yi masa ca har da manya irin su tsohon gwarzon keken Beljiyam Eddy Merckx, wai babban tsere ba kyauta ake yi da shi ba. Bana kuma ran 2 ga Afrilu a tseren Dwars door Vlaanderen su uku 'yan ƙungiya ɗaya suka iso ƙarshe da wani Ba'amurke Neilson Powless shi kaɗai, uku da ɗaya fa, Van Aert yace a bar masa zai gama da shi a gudun ƙarshe, Powless ya cinye su. Ya fito gaban kyamara yace laifinsa ne, son kai ya yi. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ka shiga intanet daren nan kaga zagi, mutumin da bara ya faɗi a wannan tseren dai ya karya ƙashin kafaɗa da haƙarƙari, wasu da ko kilomita goma basu taɓa yi a keke ba suna cewa ya ƙare. In ya yi kyauta ace rago ne, in ya riƙe ace mai son kai ne.

A hanyar dawowa dattijon nan yake ce min babansa ne ya fara kai shi bakin hanya yana ɗan shekara shida, kuma abin da yake tsoro kar a wayi gari a kafa shinge ko'ina ko a fara karɓar kuɗin tikiti saboda 'yan tsirarun mashaya. Ni ma shi nake tsoro. Ka duba fa, ni baƙo, ban biya ko sisi ba, na tsaya taku ɗaya da zakaran duniya, a ƙwallo ina zaka samu haka. Kuma mafi yawan mutanen wurin na kirki ne wallahi, na gani da idona, bayan manyan sun wuce da kusan rabin awa ga wani yaro can a baya shi kaɗai gwiwa duk jini, ban ma san sunansa ba, mutane suka yi ta buga masa tafi suna kiran lambar da ke bayansa kamar shi ne na ɗaya. Wata mata kusa da ni har da hawaye.

Ka tuna Biniam Girmay da na taɓa turo maka, ɗan Iritiriya da ya ci Gent-Wevelgem a Maris ɗin 2022, baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci irin wannan babban tseren, yana ɗan shekara 21. Tun daga lokacin duk inda ake tsere a nan zaka ga 'yan Iritiriya da tutarsu suna waƙa da rawa ko ya ci ko bai ci ba, in na gansu sai in ji kamar 'yan unguwarmu ne, sau biyu ina shiga cikinsu. Shi ne ma ya fara jawo ni cikin abin nan gaba ɗaya.

To ga maganar da nake so ka yi tunani a kai. A watan Satumban 2025 gasar keke ta duniya a Kigali za a yi, ƙasar Ruwanda, karo na farko kenan a Afirka, kuma ita ma babbar ranar yini ɗaya ce, akwai wani hawa mai daɓen duwatsu a cikin garin da suke kira katangar Kigali. Ina tara kuɗin hutu, niyyata in biyo gida in ga su Mama in yi sati biyu sannan in wuce can, kuma ina so mu tafi tare in Allah ya yarda. Ka duba fasfo ɗinka ko ya ƙare ka faɗa min da wuri dan mu san yadda zamu yi da tikiti. Kuma dan Allah tsohon Raleigh ɗin Baba da muke goyo a kai zuwa Kurmi, in yana nan a zaure kar a bari yara su sayar wa 'yan gwangwan, ka kai wa mai faci ya duba kaca da birki, zan turo kuɗin gyaran ƙarshen wata.

Ka gaishe min da Mama sosai, ka ce ina mata addu'a, ka gaida amarya da yara da duk 'yan majalisa. Sai na ji daga gareka.

Naka,
Auwal