Kar ka sayi sabon batir tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara, ya Sakkwato? Mu nan Jos sanyi ya sako mu gaba, da asuba ruwan alwala kamar daga firij aka ɗebo shi. Na ga saƙonka jiya da daddare, kace in ka ajiye motarka kwana biyu sai ta ƙi tashi, har ka fara tambayar kuɗin sabon batir. Dan Allah ka riƙe kuɗinka tukuna ka karanta wannan, don abin da ya ci min kuɗi bara kenan kuma bana so kai ma ya ci maka.

Ka tuna Golf ɗina ai. Watan Disamba ta fara min, in na murɗa makulli da safe sai dai inji ƙat ƙat ƙat, wutar dashbod ta dushe, sai na kira yaran unguwa su tura ni, na sa giya ta biyu na saki kuloci a gangaren layinmu na Anguwan Rogo. Ranar da abin ya fi min ciwo, Hajiya ce jikinta ya tashi wajen ƙarfe huɗu na dare, na fito da gudu mota ta ƙi, ba kowa a waje, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa lulluɓe da bargo tana jirana, sai maƙwabcina na buga wa ƙofa ya kai mu. Washegari ban yi shawara da kowa ba na tafi Dilimi na sayi sabon batir. Sati biyu lafiya lau. Sai na je Bauchi a motar haya na yi kwana huɗu, na dawo na tarar sabon ma ya kwanta.

Wani dattijon rewaya ne a Farin Gada ya warware min. Da nace Baba batir aka sayar min mara kyau, yace a'a yaro, bari mu tambayi mita. Irin ƙaramar mitar nan ce mai waya ja da baƙa, ba ta da wani tsada, ka sayi taka kawai.

Farko batir ɗin kansa za ka gwada, mota a kashe, in da hali ta kwana ba a tayar ba. Ja a kan mai alamar +, baƙa a kan mai −. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.2 to kusan rabi ya tafi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Sai wani ya murɗa makulli kana kallo, in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik yake juyawa bayan batir ya sha caji, to ya gaji. In mota ta tashi ka sake dubawa, ya kamata ta hau tsakanin 13.8 zuwa 14.5, shi ne alamar altaneta tana caji. In ta tsaya a 12 da wani abu to ko altaneta ko fambel ya saki. Ka leƙa kan batir ɗin ma, farin garin nan da yake taruwa a kai yana hana wuta wucewa, a goge shi tas a ɗaure kan da kyau, kar ya zama kana iya juya shi da hannu.

Ni duk waɗannan na ci su lafiya, bayan ya sa an yi wa batir caji. Shi ne Baba yace to akwai ɓarawo a cikin motar, wani abu yana shan wuta bayan ka cire makulli. Ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya cire wayar − daga kan batir, ya mayar da mita wajen amp 10 ya sa ta a tsakani, waya ɗaya a kan batir ɗaya a jikin wayar da ya cire. Yace kar in kuskura in murɗa makulli a haka, mitar za ta ƙone. Muka jira kaɗan (motocin yanzu irin taka masu kwamfuta sai ka ba su kamar minti 30 kafin komai ya yi barci). Abin da ya kamata a gani, wato wutar da mota ke ja a kashe, bai wuce amp 0.05 ba. Tawa 0.4 take nunawa. Ka lissafa, 0.4 sau awa 24, a kwana ɗaya kusan amp 10 ke zurarewa, kwana huɗu kusan 40, a batir mai 60 da ɗan wani abu me ya rage, ga sanyin Jos da ke rage wa batir ƙarfi da asuba, ga ni kuma daga gida zuwa Terminus ne kawai tafiyata, ko abin da kik ya sha ba ya gama dawowa.

Daga nan ya buɗe akwatin fiyus ya dinga zarewa ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, ni ina riƙe da mita. Wlh yana zare na rediyo lambar ta faɗo 0.02 a idona. Ashe yaron da ya sa min sabon rediyo mai allo wata biyu kafin nan, ya haɗa wayar da ya kamata ta bi makulli da wadda take da wuta kullum, allo ya mutu amma cikinsa a kunne kwana da yini. Minti goma aka gyara. Tsohon batir ɗina da na bayar a kuɗin gwangwan ƙila lafiyarsa ƙalau, har yau abin yana min ciwo.

Don haka ka tuna me aka sa wa motarka kwanan nan, rediyo ne, tiraka ce (na'urar bin sawun mota), ko caja da kake bari a soket. Ka duba fitilar but, tana iya kwana a kunne ba ka sani ba, sa wayarka a ciki tana ɗaukar bidiyo ka rufe ka gani. In ka zare fiyus duka lambar ba ta sauka ba to a cire wayar altaneta a gani, in dayod ɗinta (abin da ke hana wuta komawa baya) ya lalace tana janye wuta da dare ko da tana caji da rana. Sannan zafin garinku yana ƙone ruwan batir, in naka mai murfi ne ka buɗe ka duba, tataccen ruwan batir (distil) za ka ƙara, ba asid ba kuma ba na famfo ba, kuma ka kiyaye idonka da hannunka don na cikin batir ɗin asid ne.

Ka gwada gobe da safe kafin ka tayar da ita, ka turo min lambobin uku ta WhatsApp, na a kashe, na lokacin kik, da na bayan ta tashi, sai mu san inda za mu nufa. Hajiya ta samu sauƙi Alhamdulillah, tana gaishe ka. Ka gaida Madam da yara.

Naka,
abokinka na Jos